Garin Ɗangana

A Yelwa, in mutum ya shara ƙaryar da ba ta ɗaukuwa, ba a ce masa maƙaryaci. Cewa ake yi, "Kai, wannan ai garin Ɗangana ne." Masu kifi a bakin ruwa suna faɗa, 'yan kabu-kabu suna faɗa, har matan da ke suyar ƙosai ma sun iya. Da yawansu ba su san Ɗanganan mutum ne mai rai ba, yana nan zaune a ƙofar gidansa yana ɗinkin taru, kuma kunnensa ƙalau yake ji. Murjanatu kuwa ta sani sarai, don ubanta ne.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekara ashirin da takwas da suka wuce, Ɗangana yana da ɗakin gem, wato wasan talabijin, kusa da tasha: talabijin biyu, benci uku, da kwali cike da kaset-kaset na gem, irin masu kaurin nan da ake cusa wa inji ta sama. A cikinsu akwai wani da ba wanda ya iya karanta sunansa, don rubutun ba na boko ba ne, ba kuma ajami ba. Da yake wani ɗan mutum ne ke tuƙa jirgi a cikinsa, sai aka sa masa suna Ɗan Kwale-kwale. A mataki na biyar na wasan akwai wurin da ruwa ke juyi kamar ana dama fura, kowa kuma ya san in jirginka ya faɗa ciki, ka mutu.

Wata rana da hantsi aka tafka ruwan sama, ba wanda ya leƙo ɗakin, Ɗangana ya zauna yana bugawa shi kaɗai. Hannunsa ya kuɓuce, jirgin ya faɗa cikin juyin. Maimakon ya mutu, sai ya ga ɗan mutumin yana nutsewa, yana nutsewa, har ya dira a tsakiyar wani gari a ƙarƙashin ruwa. Ga gidaje, ga rijiya, ga wata babbar bishiya, ga kifaye suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Shi kuwa Ɗangana yana da shekara bakwai lokacin da ruwan madatsar Kainji ya haɗiye gungunsu, tsibirin da aka haife shi, aka kwaso su a jirgi da tukwane da awaki. Ya ajiye hannun gem ɗin, abin da ake dannawa a buga wasan, ya yi kuka, babba da shi.

Kafin la'asar duk tasha ta ji labari. Washegari da aka taru kallo, kaset ya ce bai san zancen ba. Ya hura, ya goge da bakin riga, ya buga a tafin hannu, allon talabijin sai toka-toka. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Onitsha ya sayo masa sabo, hoto ɗaya, suna ɗaya. Ya sake tara jama'a. Sau uku yana jefa jirgi cikin juyi, sau uku jirgin na tarwatsewa. Abokinsa Hamza dillalin kifi, wanda bakinsa ba ya da linzami tun suna samari, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗangana, gungunku ne ka yi mafarki, Allah shi ba ka haƙuri." Wurin ya kece da dariya.

Dariya ai ba ta kashe mutum, amma wannan ta ci masa wani abu. Bayan shekara biyu aka yi rikicin iyakar gona a Shanga, shi ne ya san inda tsohon dutsen iyaka yake, ya miƙe zai yi magana, wani ya ce a samo mai shaidar da ba ya ganin garuruwa. Tun daga ranar ya daina magana a taro. In an tambaye shi ko an yi ruwa jiya, sai ya ce, "Haka na ji ana faɗi."

Murjanatu ta tashi da wannan abu a ranta. Ta girma ta zama mai gyaran waya, tana da ɗan shago a kasuwar Yelwa, kuma hannunta na da kyau, wayar da ta faɗa ruwa ma in aka kawo mata da wuri tana tashi. Amma abin da ta fi so a duniya shi ne tsofaffin kaset na gem. Ta gaji kwalin ubanta, ta ƙara da na tsince-tsince daga Birnin Yauri har Kontagora, duk ta jera su a kanta a bayan teburinta. Mata suna cewa ta tara shirgi. Ita ko a jikinta.

A wani zauren WhatsApp na masu tara irin waɗannan kaya ta koyi abin da ya buɗe mata ido: gem ɗaya yakan fito sau biyu, sau uku, hoto ɗaya a waje amma ciki ba ɗaya ba. Wani bugun robarsa ta fi kauri, wani takardarsa na sheƙi, wani an rage masa kayan ciki don a yi sauƙi. Wata rana ta ɗauki hoton Ɗan Kwale-kwale ta tura, ta tambaya ko wani ya san shi. Kwana biyu shiru. Ran Laraba sai ga saƙon murya daga wata mata mai suna Rachel, ma'aikaciyar jinya a Jos, wadda ta fi kowa a zauren sanin waɗannan ƙananan bambance-bambance.

"'Yar'uwa, wannan gem sau biyu aka buga shi," in ji Rachel. "Na farko noti biyar ne a bayansa, takardarsa ba ta sheƙi, kuma ƙwaƙwalwa biyu ce a allon ciki. Bai daɗe a kasuwa ba, don an ce yana daskarewa. Na biyu noti uku, ƙwaƙwalwa ɗaya, kin ga dole sun yanke wani abu daga wasan. Ni na biyun nake da shi. Juya naki ki ƙirga."

Murjanatu ta juya nata. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Wayyo, zuciya! Ko shagon ba ta rufe da kyau ba, ta fito da kaset a hannu. Da ta yi haƙuri ta je gida ta gwada tukuna, da komai ya zo da sauƙi, amma Murjanatu 'yar ubanta ce wajen gaggawar baki. Hanyarta ta bi ta rumfar Hamza, ta same shi ya baje a kan buhun busasshen kifi, yana gaya wa wani mai jirgi cewa farashinsa garin Ɗangana ne. Nan take ta tsaya.

"Kawu Hamza, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya mai gari?"

"Yana lafiya. Ran Asabar bayan la'asar ka zo shagona, ka taho da duk wanda kake so. Garin nan da ka yi shekara da shekaru kana ci da shi, za ka gan shi da idonka."

Hamza ya yi dariya har hularsa ta zame. "Ikon Allah! Abin ashe gado ne. To wallahi ina zuwa, har da kujerata."

A gida ta haɗa inji da talabijin a rumfar tsakar gida, ta kira ubanta. Ya zo ya zauna a bakin tabarma. Ta buga har mataki na biyar, ta jefa jirgi cikin juyi, jirgi ya tarwatse. Ta sake, ya tarwatse. A karo na huɗu Ɗangana ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ki bar shi haka, Murja," ya ce. "Wataƙila dai mafarkin na yi."

Wannan magana ta fi dariyar Hamza zafi. Ta daɗe da sanin gari bai yarda da shi ba, amma ba ta taɓa zaton shi ma ya daina yarda da kansa ba. Ga shi kuma ta gayyato masa rabin kasuwa, su zo su sake yi masa abin da suka yi masa a da. Ta ji kamar ta mari kanta.

Ran Alhamis da safe ta ɗauko sukundireba ta kwance notin nan biyar, abin da ya kamata ta yi tun farko. Allon ciki ƙwaƙwalwa ɗaya ce tal. Ta ƙura masa ido. Allon ma bai zauna daidai a mazauninsa ba, kuma wani ɗan ginshiƙin roba da ke ciki an fere shi da wuƙa, fira irin ta mai gyaran filafilin jirgi. Ba kamfani ne ya yi wannan aiki ba. Ta kwashi kayan a gefen mayafi ta nufi ƙofar gida, inda ubanta ke ɗinkin taru.

"Baba, wa ya buɗe kaset ɗin nan?"

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya shafa wurin firar da babban yatsa. Sannan ya yi wata 'yar dariya ta kunya.

"Ni ne. Ranar da anka yi mani dariya, na dawo gida raina ɓace. Na ce sabon nan baƙo ne, bai san ruwanmu ba. Ai in munka sa sabon inji ga tsohon jirgi, jirgin ne ya san hanya. Sai na ciro cikin sabon na sa mishi rigar tsohon, ko Allah zai sa shi tuna." Ya miƙa mata. "Bai tuna ba."

"To cikin tsohon fa, Baba? Wanda ya mutu?"

"Na sa shi ga rigar sabon, don kar in bar shi tsirara."

"Yana ina?"

"Tambayi Innarki. Ita ta ɗauke, ta ce yana da kyau."

Murjanatu ta dafe kai. Ɗakin Inna Balaraba akwai kwaba mai gilashi, wadda ba mai taɓa ta sai ita: kwanukan samira a jere, tangaran na biki, furen roba, agogon da ya tsaya tun Murjanatu na firamare. A tsakiya kuma, jingine da wata butar shayi mai ruwan zinariya, ga kaset mai sheƙi da hoton ɗan mutum a jirgi. Duk Juma'a Inna sai ta goge shi. Murjanatu ta gan shi ya fi sau dubu, ta kuma leƙa bayansa ta gilashi ta ƙirga notinsa tun ranar Laraba, uku ne, ta ce wannan na banza ne.

"Ba ki taɓa mani jere," in ji Inna, ta tsaya a gaban kwabar da muciya a hannu. "Ke da ubanki kun cika mani gida da tarkace, guda ɗaya mai kyau da na tsira da shi kuma shi kike so?"

"Inna, cikinsa kawai nake so. Rigar taki ce."

"In kika karce mani hoton fa?"

"In na karce, ki kwashe duk na shagona ki hura wuta da su."

Inna ta harare ta, ta harari mijinta da ya leƙo daga ƙofa, sannan ta ciro mabuɗi daga bakin zaninta tana mita. Aka kwance noti uku a kan faifai. Ƙwaƙwalwa biyu, baƙaƙe, kwance gefe da gefe. Murjanatu ta yi guɗa, ita da ba ta iya guɗa ba, har kaji suka watse.

Saura tashinsa. Haƙoran allon duk sun yi kore, don shekarun da aka yi ana hura masa iska da yawu ba su tafi a banza ba. Ta kai shi shago, ta ƙi karɓar wayar kowa. Ta wanke haƙoran da sifirit ɗaya bayan ɗaya, ta sa a inji, toka-toka. Ta bi kowace hanya ta tagulla da gilashin ƙara girma, idonta na ruwa, ran Juma'a ta gano wata da ta tsinke siririya kamar gashi, ta ɗinke ta da waya, ta sa a inji, toka-toka. Ta tura wa Rachel hoto. Rachel ta ce ta duba ƙafafun ƙwaƙwalwa ta biyu, ta ƙara da cewa, "Ki sani fa, ko ya tashi yana iya daskarewa a daidai wurin. Abin da ya sa suka janye shi ke nan."

Sai ran Asabar da azahar ta ga ƙafar, ta uku daga ƙarshe, ta rabu da mazauninta ba tare da ta nuna ba. Ta ɗiga mata dalma, ta yi bisimilla, ta cusa. Talabijin ya yi ƙyaf, kiɗa ya tashi. Sunan wasan ya fito da shuɗi, alhali na wanda ta sani kore ne. Ba ta samu damar gwada fiye da haka ba, don tuni Hamza ya iso, kuma da kujerar tasa ya zo kamar yadda ya yi alkawari.

Kai, an taru! Masu kifi, masu jirgi, 'yan kabu-kabu sun jingine babura, wasu magidanta masu furfura da suka yi samartakarsu a bencin Ɗangana, duk sun cika gaban shagon har kan hanya. Murjanatu ta fito da talabijin kan tebur, ta tayar da janareta. Ɗangana ya zo daga ƙarshe cikin farar riga, Inna na bayansa da rigar kaset ɗinta a ƙulle cikin gyale, don ta ce ba ta yarda da kowa ba. Da farko ya ƙi zuwa. Abin da ya kawo shi, ya ce ba zai bari a yi wa ɗiyarsa dariya ita kaɗai ba.

Murjanatu ta buga matakai huɗu na farko. Da mataki na biyar ya buɗe, saura rai biyu, sai ta juya ta miƙa wa ubanta hannun gem ɗin.

"Ke dai ki yi," ya ce a hankali.

"Garinka ne, Baba. Ni ban san hanya ba."

Ya karɓa. Yatsun da suka saba da allura da zaren taru sun manta maɓallai. Jirgin ya yi hagu, ya yi dama, ya daki dutse tun kafin ya kai juyin, ya tarwatse. Wani ya yi tsaki. Hamza ya gyara zama ya ce, "To, ƙofar garin ma yau a rufe take," aka ɗan yi dariya, amma ba da yawa ba, don fuskar tsohon ba ta ba da damar dariya ba.

Saura rai ɗaya. Ɗangana ya share hannu a riga, ya matso da fuska kusa da allo. A wannan karon ya bi gefen dutsen a hankali, yadda ake bin gaɓa in ruwa ya cika, ya dawo tsakiya, ya miƙa hancin jirgin cikin juyin. Jirgin ya juya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Allon ya yi baƙi ƙirin, kiɗa ya ɗauke.

Ba abin da ake ji sai janareta. Murjanatu ta tuna maganar Rachel, ta fara neman abin da za ta ce wa mutane. Hamza ya buɗe baki.

Sai wani ɗan shuɗi ya ɓullo daga saman allon. Kumfa ta fara tashi. Ga ɗan mutumin nan yana saukowa, hannuwa a buɗe, wani kiɗa mai sanyi na binsa wanda ba wanda ya taɓa ji a Yelwa sai mutum ɗaya. Rufin gidaje ya bayyana, sannan katanga, sannan rijiya, sannan babbar bishiya a tsakiya. Wani jan kifi ya shiga ta taga ya fito ta ƙofa.

"Allahu akbar!" in ji wani mai jirgi daga baya, wurin kuwa ya ɓarke. 'Yan kabu-kabu suka hau danna ham, mutane na ture juna, wayoyi sun yi sama ana ɗauka. Inna Balaraba ta saki guɗa irin ta ainihi, wadda aka ji har bakin ruwa, tana cewa, "A kwabata yake! Shekara ashirin da takwas a kwabata, ni nake goge shi!" Murjanatu tana dariya tana kuka, ta rasa wanda za ta bari.

Hamza ya tashi daga kujerarsa ya je gaban talabijin, ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire hula ya juyo ga jama'a, muryar nan tasa ta dillanci ta fito.

"Jama'a, ku saurara! Ni na fara maganar nan, a bakina kunka ji ta. To ni Hamza na ce Ɗangana bai yi ƙarya ba, ni ne na zalunce shi. Daga yau wanda ya ƙara faɗin ta a gabana, ni da shi ne." Ya juya ga abokinsa. "Ɗangana, ka yafe mani."

"Na yafe," in ji Ɗangana, ko kallonsa bai yi ba. "Matsa, ka tare mani gari."

Hamza ya matsa. Tsohon ya tuƙa ɗan mutumin a hankali ta tsakanin gidajen, ya wuce rijiyar, ya kai shi gindin bishiyar ya tsayar. Wani daga cikin magidantan ya tambaya ko irin wannan bishiya ce a gungunsu, mutane suka yi tsit suna jiran amsa, abin da ba su yi masa ba tun Murjanatu tana 'yar shekara shida.

"A'a, tamu tsamiya ce, ta fi wannan girma," ya ce da ƙarfi, ba tare da ya ce haka ya ji ana faɗi ba. "Ni na hau ta, na sani."

Ba wanda ya yi musu. Murjanatu ta share ido ta durƙusa kusa da shi, ta nuna masa gefen allon.

"Baba, ga wata ƙofa can gaba. In ka shiga, ina jin za ka koma sama ka ci wasan."

"Ba inda za ni," in ji Ɗangana. Ya ɗora hannun gem ɗin a cinyarsa ya jingina da bango. "Na daɗe ina neman hanyar nan. Ki ƙara wa janareta mai, ki bar ni in zauna."

Ta tashi ta ɗauko galan.